Batun Kuɗin Ƙarfe: A Janye Matattu, A Buga Masu Amfani

A bisa dokar ƙasar nan, har yau akwai kuɗin ƙarfe iri uku da suka halatta a yi ciniki da su, watau kwabo 50, da naira 1, da naira 2, waɗanda Babban Bankin Nijeriya ya fito da su ran 28 ga Fabrairu, 2007. Amma duk wanda ya ɗauki ɗaya daga cikinsu ya shiga kasuwar Andarai ta ƙaramar hukumar Maiyama, ko ta Jega, ko ta Aliero, zai zaga rumfuna tun hantsi har la'asar bai sami mai karɓa ba. Mai ƙosai ba za ta karɓa ba, mai goro ba zai karɓa ba, kai ko almajiri aka miƙa wa sai ya juya shi a tafin hannu yana mamaki. Yawancin ɗaliban da ke jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero a yau ba su taɓa sayen ko alawa da irin wannan kuɗi ba tun da aka haife su.

Saboda haka tambayar ko ya kamata a janye waɗannan sulalla daga hannun jama'a tana da amsa mai sauƙi, domin kasuwa ta riga hukuma yanke hukunci. Abin da ya rage shi ne Babban Banki ya tabbatar da hukuncin a rubuce. Sai dai a bayan wannan tambaya akwai wata da ta fi ta nauyi, wadda ta shafi aljihun ƙaramin ma'aikaci da ɗalibi da matar aure mai aiken cefane: idan an janye su, da me talaka zai riƙa karɓar canjinsa?

Cutar rashin canji

Ko shakka babu, kalmar da aka fi ji a bakin masu ƙananan sana'o'i a wannan yanki ita ce "babu canji". Takardun naira 5 da naira 10 sun bi sahun sulalla, ko da yake ba ƙarfe ba ne, don ba safai ake samun abin da za su saya su kaɗai ba. Naira 20 tana kan hanyar bin su. Naira 50 da naira 100 kuwa, waɗanda su ne ke ɗauke da nauyin ƙaramin ciniki, ba su wadata ba, kuma waɗanda ke yawo duk sun koɗe, wasu sun yage an liƙe su, har akan yi cacar baki a kan ko za a karɓe su.

Illar wannan hali a fili take. Idan ƙaramin kuɗin da ke aiki a kasuwa naira 50 ne, to abin da ya cancanci naira 60 ba shi da farashi. Ko dai mai shi ya sayar naira 50 ya faɗi, ko ya ce naira 100, ko kuwa ya rage yawan kashin da yake kasawa. Tun da ba mai fita kasuwa don ya faɗi, mai saye ne ke ɗaukar asarar. Da haka farashi ke tsallake daga 50 zuwa 100 a rana ɗaya, ƙarin kashi ɗari bisa ɗari, alhali tsadar da ta sami mai kayan ba ta wuce kashi 20 ba. Wani lokaci kuma a maimakon canji sai a miƙa wa mutum alawa ko dunƙulen magi ko ashana, abin da bai fito saye ba, ko a ce ya dawo gobe, ya kuwa manta.

Alal misali, a ɗauki magidancin da ke yin ƙananan sayayya goma a yini, daga kuɗin acaɓa zuwa kayan miya da ruwan leda da kuɗin tara na yara, a ce kuma a kowace yana barin naira 20 saboda rashin canji. Ya bar naira 200 ke nan a yini, naira 6,000 a wata. Mafi ƙarancin albashin da Gwamnan Jihar Kebbi, Nasir Idris, ya amince da shi a Oktoba 2024 naira 75,000 ne, don haka wannan asara ta kai kashi 8 cikin ɗari na albashin ƙaramin ma'aikaci. Da yayyafi kogi ke cika. Babban dillalin da ke loda buhunan albasa a Aliero zuwa Kudu bai san wannan ciwo ba, domin cinikinsa na dubbai ne kuma ta banki ake biyansa. Wanda ya sani shi ne mai sayen albasar kashi ɗaya, da yarinyar da ke talla wadda mai saye ya wuce ta don ba ta da canjin naira 500.

Daga wuri zuwa anini

Ba yau aka fara ganin ƙaramin kuɗi ya mutu a wannan ƙasa ba, kuma mutanen Jega sun fi kowa sanin haka, tun da kasuwarsu ta shahara tun ƙarni na 19, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a cikinta. Da farin wuri ake ciniki a lokacin. Sa'ad da Bajamushen nan Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar wuri 2,500 ke sayen dalar azurfa guda. Wuri 20,000 shi ake kira keso, kayan ƙato ɗaya ke nan. Da 'yan kasuwan Turai suka yi ta jibgo wuri daga gaɓar gabashin Afirka, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zamana ladan ɗan dako a doguwar tafiya na iya cinye kuɗin da ya ɗauko. Duk da haka wuri ya daɗe yana aiki a kasuwannin ƙauye bayan zuwan Turawa, saboda dalili guda: shi kaɗai ne ke iya sayen gishirin miya ɗaya ko ɗan ɓarin goro.

Turawan mulki sun lura da wannan, shi ya sa a 1907 suka bugo anini, watau kashi ɗaya cikin goma na kwabo, mai huda a tsakiya don a shirya shi a zare kamar yadda aka saba yi wa wuri. Daga bisani aka kafa Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma a 1912, jama'a suka saba da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka. Sunan ɗari da aka ba rabin kwabo ma daga lissafin wuri ya samo asali. Anini ya yi shekara hamsin yana aiki, sa'an nan ya tsufa. Da Babban Bankin Nijeriya ya fito da kuɗin kansa ran 1 ga Yuli, 1959, bai sa anini a ciki ba, kuma ba wanda ya yi kuka, domin ɗari da kwabo suna nan suna sayen abu. Yau anini ya saura a kafaɗar hafsoshi da wuyan riga, da kuma bakin mai rantsuwa cewa ba shi da ko anini.

Ran 1 ga Janairu, 1973, aka koma naira da kwabo. Fam guda ya zama naira 2, sule ya zama kwabo 10, sisi kwabo 5, aka kuma buga rabin kwabo, da kwabo 1, da 5, da 10, da 25 da ƙarfe. A 1991 aka mayar da kwabo 50 da naira 1 ƙarfe, waɗanda jama'a suka laƙaba wa ficika da ƙwandala. A 2007 kuma, zamanin Farfesa Charles Soludo, aka soke duk sulallan da ke ƙasa da kwabo 50, aka fito da ukun da ake magana a kansu. Darasin da ke cikin wannan tarihi shi ne, janye ƙaramin kuɗi ba ya cutarwa muddin akwai na gaba da shi mai rai, kuma a wadace. Inda ake shan wuya shi ne inda aka bar gurbin ba kowa.

Abin da lissafi ya nuna

Akwai hanya mai sauƙi da kowane ɗalibi zai iya auna matsayin kuɗin yau. A 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, mafi ƙarancin albashi naira 125 ne, watau kwabo 12,500. A Yuli 2024 aka sa hannu a dokar da ta mayar da shi naira 70,000. Idan aka raba 70,000 gida 12,500, za a sami naira 5 da kwabo 60. Ma'ana, a ma'aunin albashi, takardar naira 5 ta yau ba ta cika kwabon 1981 ba. Naira 50 ita ce kusan sulen wancan zamani, kwabo 25 na lokacin kuwa ya kai naira 140 ta yau. Da wannan ma'auni naira 2 ta ƙarfe ba ta kai rabin kwabo ba, ficika kuma ba ta kai anini ba.

Wannan ma'auni ma sassauci ya yi wa naira, domin albashin 1981 ya fi na yau sayen kaya nesa ba kusa ba. Idan aka auna da dalar Amurka abin ya fi muni. A 1973 naira guda tana sayen kimanin dala ɗaya da rabi. A 2024 sai da naira fiye da 1,500 ake samun dala guda. Ta wannan fuska, naira 20 ta 2024 ba ta kai kwabo guda na 1973 ba.

Abu biyu ke fitowa daga wannan lissafi. Na farko, sulallan 2007 sun mutu mutuwar da ba farfaɗowa. Na biyu, duk kuɗin da a zamanin Shagari ake riƙe shi a matsayin ƙarfe, har zuwa kwabo 25, kwatankwacinsa a yau ya haɗa da naira 20 da 50 da 100, waɗanda ake ta bugawa a takarda da roba. Ƙasar nan tana buga sulenta a takarda, sa'an nan tana mamakin yadda yake saurin yagewa. Kuɗin da ke sauya hannu sau da yawa a yini, daga mai nama zuwa mai manja zuwa ɗan acaɓa cikin ruwan sama, ba takardar da za ta jure masa. Ƙarfe kuwa yakan yi shekara ashirin ko talatin yana yawo.

Tsoron da jama'a ke ji

Akwai masu ra'ayin cewa mayar da kuɗi ƙarfe shi ke kashe shi, kuma ba su faɗi haka don son zuciya ba. Hujjarsu ita ce, naira guda tana da mutuncinta sa'ad da take takarda, ana mayar da ita ƙwandala a 1991 sai ta fara zubewa, kafin a ankara ba mai karɓarta. Wannan tsoro na daga cikin abin da ya rusa shirin da Malam Sanusi Lamido Sanusi ya bayyana a Agusta 2012, lokacin yana Gwamnan Babban Banki, na mayar da naira 5 da 10 da 20 ƙarfe tare da fito da takardar naira 5,000. Majalisar Tarayya ta ƙi, jama'a suka yi ca, Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da shirin a watan Satumba na wannan shekara.

Ya kamata a dubi wannan hujja da idon basira. Shekarun da suka biyo bayan 1991 su ne shekarun da aka yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Daga 1992 zuwa 1995 ba shekarar da hauhawar farashi ba ta haura kashi 40 cikin ɗari ba, a 1995 ma ta haura kashi 70. Ko da zinariya aka rubuta naira guda a kai a takarda, da ba ta tsira daga wannan guguwa ba. Ƙwandala ta zo ne daidai lokacin da annoba ta sauka, sai aka ɗora mata laifi. Babbar shaida kuwa tana cikin aljihun kowa. Naira 5 da naira 10 ba a taɓa mayar da su ƙarfe ba. An dakatar da shirin 2012 don a kare su, an bar su a robar da aka mayar da su tun 2009, amma ga shi sun mutu kamar yadda ƙwandala ta mutu. Ruwan ledan da aka sani naira 5 ya bar su a baya tun tuni. Hauhawar farashi ce ke cin kuɗi, ba ta tambayar ko ƙarfe ne ko takarda.

Wanda ke son ganin haka da idonsa ba sai ya yi nisa ba. Daga Kamba ya ƙetara zuwa Gaya ko Doso a Jamhuriyar Nijar, zai tarar Hausawa 'yan'uwansa suna ciniki da sulallan sefa kullum, suna lissafi da dala, watau sefa 5. Sulallan dala biyar da dala goma da dala ashirin suna aikinsu a hannun mai shayi da mai tuwo, ba mai raina su. A canjin 2025, sulan dala ashirin ya haura naira 200, na dala ɗari kuwa ya fi takardar naira 1,000, wadda ita ce mafi girma a Nijeriya. Abin da ya raya su shi ne sefa tana ɗaure da kuɗin yuro a kan 655.957, farashi ba ya gudu kamar na wannan ɓangare. Akwai masu sukar wannan ɗauri saboda dalilan siyasa, kuma wannan wata magana ce dabam. Nijar ma takan yi fama da ƙarancin canji. Amma dai ta isa shaida cewa Bahaushe ba ya ƙin kuɗin ƙarfe don yana ƙarfe. Abin da yake ƙi shi ne ɗaukar nauyin abin da ba ya sayen komai.

Kuskuren 2007 ke nan. An buga sulallan da tun ranar fitowarsu ba su da abin saye, domin a lokacin ma naira 5 ce ƙaramin farashin yawancin kaya. Shirin 2012 ya fi kusa da daidai, amma aka haɗa shi da takardar naira 5,000 wadda jama'a suka ɗauka ta manyan mutane ce, fushin da aka yi da ita ya shafi sulallan.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Ƙasashe da dama sun janye ƙananan sulallansu lami lafiya. Ingila ta soke rabin kwabonta a ƙarshen 1984. Ostareliya ta janye santi 1 da santi 2 a 1992, daga baya ta narkar da wasunsu ta yi lambobin tagulla na wasannin Olamfik da aka yi a Sidni a 2000. Indiya ta soke faisa 25 da abin da ke ƙasa da shi a ƙarshen Yuni 2011. Kanada ta daina raba santi 1 a Fabrairu 2013, bayan ta gano tana kashe santi 1.6 wajen buga kowane guda. Amurka ma, wadda ta daɗe tana jan ƙafa, ta buga santinta na ƙarshe na yawo a Nuwamba 2025, bayan kuɗin buga shi ya kai santi 3.69.

Abin koyi a nan shi ne tsarin da suka bi. A Kanada an shimfiɗa ƙa'ida cewa jimillar ciniki ake daidaitawa zuwa santi 5 mafi kusa, ba farashin kowane kaya ba. Idan jimilla ta ƙare da 1 ko 2 a rage, idan ta ƙare da 3 ko 4 a cika. Da haka yau mai saye ya ci, gobe mai sayarwa ya ci, a ƙarshen wata ba wanda ya cuci wani. Wanda ya biya ta banki kuwa ainihin adadin ake cirewa. Har wa yau an bar ƙofa a buɗe, mai tsofaffin santi yana iya kai su banki. Mafi muhimmanci, duk waɗannan ƙasashe sun cire na ƙasa ne alhali na samansa yana nan a yalwace. A Nijeriya kuwa kasuwa ce ke yin nata daidaitawar ba tare da ƙa'ida ba, kuma kullum sama take cikawa.

Wani na iya cewa duk wannan ɓata lokaci ne, tun da duniya ta koma biya ta waya da na'urar POS. Gaskiya ne wannan hanya ta bazu har ƙauyuka, kuma ta sauƙaƙa babban ciniki. Amma ba mai tura naira 50 ta waya don ya sayi ƙuli-ƙuli, kuma mai POS yana da ladan da yake cira. Ga matsalar sabis da ta caji, ga tsofaffi da matan karkara da ba su da asusu. Abin da ya faru a farkon 2023 ya isa wa'azi. Da Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, sa'an nan 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi ta ɓace, manoma suka yi ta karyar da amfanin gonarsu don su sami abin cefane, har sai da gwamnatocin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, Babban Banki ya nemi amincewar Shugaban Ƙasa, kamar yadda dokarsa ta 2007 ta tanada, ya bayyana janye kwabo 50 da naira 1 da naira 2. A ba da wa'adin da bai gaza shekara guda ba, bayan wa'adin kuma rassan bankin, har da na Birnin Kebbi, su ci gaba da karɓa daga duk wanda ya kawo. Wannan zai kawar da wani abin kunya da ke cikin doka, domin dokar ta ce ƙin karɓar naira laifi ne mai tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida, alhali kowa ya san ba ɗan kasuwan da zai karɓi ficika. Dokar da kowa ke karyawa a bainar jama'a tana rage wa sauran dokoki kwarjini. Ba kuwa za a soke kwabo a lissafi ba: zai ci gaba a takardar albashi da asusun banki da famfon mai.

Na biyu, a daina kashe dukiyar jama'a wajen buga sababbin naira 5 da naira 10. Waɗanda ke hannu su ci gaba da halatta har su ƙare da kansu.

Na uku, a buga naira 20 da 50 da 100 da ƙarfe, a wadace, su yi tafiya tare da takardunsu na wasu shekaru ba tare da an tilasta wa kowa ba. Da 20 da 50 kaɗai ana iya biyan kowane adadi na goma-goma, kamar yadda kowane ɗan tireda ya sani: mai bashin 30 ya ba da 50 a mayar masa da 20, mai bashin 10 ya ba da 50 a mayar masa da 20 biyu. A yi su da ƙarfe mai araha, mara nauyi, don kada darajar ƙarfen ta fi abin da aka rubuta a kai maƙera su mayar da su zobba da awarwaro. A bambanta girmansu da bakinsu yadda makaho da tsoho za su gane su da taɓawa.

Na huɗu, a shimfiɗa ƙa'idar daidaita jimilla zuwa naira 10 mafi kusa, a rage inda ya kamata a rage, a cika inda ya kamata a cika, a kuma yi ta shelarta a gidajen rediyo da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci.

Na biyar, kada a jibge sulallan a bankunan Birnin Kebbi a ce an gama aiki. A kai su inda ake bukatarsu, ranar kasuwa a Jega da Andarai da Aliero da Maiyama, ta hannun masu POS da sarakunan kasuwa da shugabannin tasha. Ma'aikatun Gwamnati su ne za su fara ba da misali. Idan asibitin Gwamnati da mai karɓar harajin kasuwa da ofishin kuɗin makaranta suna karɓar sulalla suna kuma ba da canji da su, mai ƙosai ba za ta ƙi ba.

Sharaɗin da ya rataya a kan duk waɗannan shi ne a riƙe linzamin farashi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disamba 2024, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023. An sake tsarin awon a farkon 2025, adadin kuma ya sauko ƙasa da kashi 20 kafin ƙarshen shekarar. Idan ya ci gaba da sauka, sulan naira 100 zai yi shekaru yana aiki. Idan ya koma inda ya fito, to za a sake haihuwar wata ƙwandalar ne kawai, a yi asarar kuɗin bugu. Don haka kada a yi gaggawa, kada a haɗa shirin da fito da wata babbar takarda, kada kuma a kawo shi a jajibirin zaɓe. Amma shiri tun yanzu ya kamata a fara shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

A 1939 aka kafa wata jarida a Zariya aka sa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, don kwabo guda ake sayar da ita, kuma kwabo a lokacin kuɗi ne da mutum kan yi tunani kafin ya rabu da shi. Ba mai iya dawo da wancan kwabo. Abin da ake iya yi shi ne a ba talakan yau abin da zai tsaya a matsayinsa, don ya riƙa biyan daidai abin da ya saya, ya karɓi daidai abin da ya rage masa. Wakilan mazaɓun Aliero da Gwandu da Jega, da na Koko-Besse da Maiyama, a Majalisar Wakilai ta Tarayya, su ne suka fi cancanta su tayar da wannan magana, tun da jama'ar da suka zaɓe su ne ke barin canjinsu a kasuwa kowace rana. Allah ya sa masu iko su ji, su kuma yi abin da ya dace.